Aron Ƙwaryar Azurfa

Ranar kasuwar Ɗambatta aka kawo wa Hafsatu saƙon. Balarabe direba, mai jigila tsakanin Kano da garuruwan arewa, shi ya tsayar da motarsa a bakin titi, ya tako ta cikin gonaki har ƙofar gidanta a Kwarin Gawo, ya yi sallama.

"Inna, wani mutum ya tare ni a tasha, ya ce in gaya miki yana nan tafe ranar Laraba. Wai sunansa Uwaisu, na Amon Ƙasa."

Hafsatu tana dunƙula daddawa a lokacin. Ta tsaya da hannu cikin ƙwarya, ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce, "Ashe suna nan?" Balarabe ya ce shi dai abin da aka ce ya faɗa ke nan, fasinjoji na jiransa.

Amon Ƙasa mujalla ce ta masu sana'ar kiɗa da waƙa. Wani mai sayar da faifan garmaho a Kaduna, Alhaji Khalilu, shi ya kafa ta a shekarun da kuɗin mai ya cika gari. Rabinta Turanci, rabinta Hausa. Dillalan faifai daga Legas har Maiduguri su ke sayenta don su san faifan da ke tafiya da wanda ya kwanta, da kamfanin da ya ɗauki wane mawaƙi. Ma'aikatan gidajen rediyo ma ba sa rabo da ita. Kowace shekara kuma mujallar kan shirya bikin karramawa, a tara mawaƙan Kudu da na Arewa a ɗaki guda, kowane fanni da kyautarsa. Ta waƙar mata ita ake kira Ƙwaryar Azurfa, kuma Hafsatu mai amada ce mace ta farko da aka miƙa wa.

Wannan Uwaisun shi ya gano ta. Yana saurayi a lokacin, da kyamara a wuya da rikoda a kafaɗa, ya ji ta a wani biki a Ɗambatta, ya bi ta har gida, ya roƙi mijinta Malam Hamisu izini. Ta dalilinsa wani kamfani ya ɗauki muryarta a faifai. Da shekara ta zagayo aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ita da 'yan amshinta: Luba, Asiya, Fanta da Hure. Aka sauke su a otal mai fanka, Hure ta ƙi yarda ta zauna a ƙarƙashinta don kada ta faɗo mata a ka. Sun daɗe suna yi mata dariyar wannan.

Bayan nan abubuwa suka juya. Kaset ya shigo, kowa na iya kwafar waƙa a bakin kasuwa, kamfanin faifan ya rufe. Sannan aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Mai biki ya daina kiran masu amada, sai ya ari rikoda ya kunna. Malam Hamisu ya rasu. Ɗansu ɗaya tilo, Usaini, ya tafi Legas neman aiki, tun yana aiko da gaisuwa har ya daina. Luba ta rasu wurin haihuwa. Asiya ta bi mijinta Kurmi. Fanta ta ce ta bar waƙa har abada, ko gaisawa ba ta so a yi da sunan amada. Saura Hure, wadda danga kawai ta raba gidajensu, ita ma tari ya kama mata ƙirji.

Hafsatu ta wanke hannu ta leƙa ta kan danga.

"Hure! Mutanen Kaduna sun tuna da mu."

"Waɗanne mutanen Kaduna?"

"Masu mujalla mana. Uwaisu zai zo."

Hure ta taso a hankali, tana dafe da bango. "Ɗaukar murya za su yi?"

"To me kuma zai kawo shi? Ai ba ya taɓa zuwa hannu rabbana."

Kafin Laraba sun sauko da ƙoren kiɗa daga rataya. Biyu gara ta ci, ɗaya ta tsage, Hafsatu ta ɗinke ta. Suka riƙa gwadawa da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, don kada a yi da su. Muryar Hafsatu ta yi kauri amma tana nan. Hure kuwa in ta amsa sau biyu sai tari ya sarƙe ta, ta zauna tana share ido tana dariya. Hafsatu ta ce ba komai, in an zo ɗauka sai a riƙa tsayawa ana hutawa, ai injin nasu yana da maɓallin tsayarwa.

Ranar Laraba ta yanka zabuwarta, ta yi dambu. Ta ciro Ƙwaryar Azurfa daga cikin adaka, ta goge ta da toka da lemon tsami. Ƙaramar ƙwarya ce ta ƙarfe, an yi mata ruwan azurfa, an kife ta a kan gindin katako. A jikin katakon akwai ɗan allon tagulla da aka kafe da kusoshi, an rubuta sunanta. Ba ta karatun boko, amma ta san zanen sunanta kamar yadda ta san tsagar fuskarta.

Sai da rana ta take Uwaisu ya iso, a ƙafa daga titi. Da ƙyar ta gane shi. Furfura ta fito masa a gemu, rigarsa ta koɗe, kuma babu kyamara, babu rikoda, sai wata jakar leda a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Uwaisu. Kai ne ka zama haka? Ina Alhaji?"

"Yana nan, sai dai jiki. Ɓarinsa ɗaya ya shanye."

Ta yi salati, ta yi masa addu'a. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ci dambun nan kamar wanda ya kwana biyu bai ga abinci ba. Hure ta shigo da mayafinta na zuwa unguwa, ta zauna kusa da ƙoren da aka jera. Uwaisu ya dubi ƙoren, ya dubi matan, ya sunkuyar da kai. Ya shiga ba su labari, ba tare da an tambaye shi ba. Takarda ta yi tsada, tawada ta yi tsada. Mujallar da ke fita duk wata ta koma sai an ga dama. An bar shafuka masu launi, an sallami ma'aikata, an rufe ofishin Legas, daga baya aka rufe na Kaduna ma. Yanzu a bayan shagon ƙanen Alhaji a Kano suke aiki, shi da Alhaji su kaɗai. Bikin karramawa kuwa an yi shekaru ba a yi ba.

"Amma bana Alhaji ya ce sai an yi," in ji shi. "Akwai wata yarinya, Asama'u, kasetinta ya cika ko'ina. Ita aka zaɓa a fannin mata. In ta zo, dillalan kaset za su zo. In suka zo, wataƙila su dawo da talla a mujalla, mu farfaɗo."

"Allah ya sa," in ji Hafsatu. "To mu wace waƙa kake so mu yi?"

Ya juya kwanon ruwan da ke gabansa.

"Inna, ba waƙa ta kawo ni ba. Maƙeran da ke yi mana ƙwaryar ba za mu iya biyansu ba. Sauran masu kyauta takardar shaida za mu ba su, amma Asama'u ba za ta zo don takarda ba. Na bi waɗanda suka karɓa bayanki. Ɗaya ta rasu, magada ba su san inda take ba. Ɗaya ta sayar. Sauran ban same su ba. Ke kaɗai na san taki tana nan."

Hure ta ce, "Ban gane ba."

Hafsatu ta gane. Ta ce, "Aro kuke so."

"Aro, Inna. In abubuwa suka daidaita za mu yi mata tata, mu dawo miki da taki. Wallahi da kunya na zo."

Hure ta fara magana, tari ya katse ta. Da ya lafa ta ce, "Abin da aka ba mutum a gaban jama'a, shi za a zo a karɓe a zaure?" Hafsatu ta tashi ta shiga ɗaki. Ta daɗe a ciki. Ba kuka ta yi ba, zama kawai ta yi a bakin gado tana kallon ƙasa, tana jin kunyar ƙoren da ta jera da zabuwar da ta yanka. Sannan ta fito.

"Zan bayar. Alhaji bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Amma ba zan sa ta a jakar ledarka ba. Ni zan kai ta, ni zan miƙa wa yarinyar da hannuna. Ina so in ga wadda ake cewa ta iya."

Ranar bikin ta fita da sassafe. Hure ta so zuwa, ƙirji ya hana, ta raka ta iyakar bakin gona ta komo. Man fetur ya yi wuya a lokacin, motoci sun yi layi a gidajen mai kamar an jera su don sayarwa, motar da ta samu mai kuwa an cusa mata mutane har kan cinyar juna. Hafsatu ta rungume ƙunshinta a ƙirji har Kano.

Uwaisu ya tare ta a tasha, ya ce sai sun biya ta wurin mai zana suna. Wani tsoho ne a wata rumfa, da tabarau ɗaure da zare. Ya kwance kusoshin, ya cire allon tagullar, ya tambayi Uwaisu ko ya zo da sabo. Uwaisu ya ce a'a. Tsohon ya ce shi ma ba shi da shi, tagulla ta yi tsada, sai dai a juya wannan a rubuta a bayansa. Uwaisu ya dubi Hafsatu.

"A juya," in ji ta.

Tana tsaye aka zana sunan Asama'u, aka maida allon, nata sunan yana fuskantar katako.

A ɗakin taron wata makaranta aka shirya bikin, wajen Rijiyar Zaki, kuma da rana, saboda ba a da tabbacin wuta. An jera bencina da yawa. Mutanen da suka zo ba su cika layin gaba ba: dillalan kaset kaɗan, wani ma'aikacin rediyo, wani mai goge da yaransa, da malaman makarantar da suka leƙo don su ga abin da ake yi. Daga Kudu ba wanda ya zo. Hafsatu ta tuna ɗakin Kaduna, da mutanen Legas masu manyan riguna, da na Inugu masu ƙaho da molon Turawa, waɗanda ba ta ji yarensu ba amma suka miƙe tsaye suka tafa mata.

Alhaji Khalilu yana zaune a kujera a gaba, hannunsa na hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi, ya kasa.

"Uwar amada," ya ce, bakinsa a karkace. "Kin zo da kanki? Mun ci amanarki."

"Ba ku ci ba, Alhaji. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Zauna nan kusa da ni. Duk ɗakin nan, ban da ni da Uwaisu, ke kaɗai kika san yadda abin nan yake a da."

Aka buɗe da addu'a. Uwaisu ya karanta tarihin mujallar, daga shagon faifai har zuwa yau, ya tsallake wuraren da ba su da daɗin ji. Ya kira sunayen waɗanda suka ci kyauta, suna bayan suna, ba mai tasowa, yana ajiye takardunsu a gefe. Mai goge ya karɓi tasa, ya jujjuya ta, ya naɗe ya sa a aljihu. Aka zo kan Asama'u, aka ce a ɗan jira, tana hanya. Aka yi la'asar, aka dawo, ana jira. Dillalan suka fara duban agogo.

Can sai ga wani mutum a kan babur, ya shigo ya raɗa wa Uwaisu magana a kunne. Uwaisu ya zo ya durƙusa tsakanin Alhaji da Hafsatu.

"Ba za ta zo ba. An ɗauke ta biki a Maraɗi tun jiya. Ta ce a ba ta haƙuri, masu bikin sun riga sun biya."

Alhaji ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ko ni ne ita, Maraɗin zan tafi." Ya juyo wurin Hafsatu. "Uwar amada, kada mutanen nan su tashi haka. Ki yi mana ko ɗaya."

"Alhaji, ba ni da 'yan amshi. Ba ni da ƙwarya."

"Ki yi haka nan."

Ta miƙe. Babu lasifika, sai muryarta. Ta ɗauko waƙar roron gyaɗa, wadda ta ci kyautar da ita, tana tafa hannu a madadin kiɗa.

"Gyaɗa ta nuna a Kwarin Gawo, mata ku fito da ƙorai."

Ta tsaya inda amshi ke shiga. Nan ne Luba kan ɗauka da siririyar muryarta, sauran su bi. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan awaki a bayan makaranta. Ta ja baiti na biyu, ta sake tsayawa, don bakinta bai san yadda ake wucewa ba tare da an amsa ba. A karo na uku Uwaisu ya amsa, a hankali, ba bisa kari ba: "A roro, a roro, rana na yi." Alhaji ya so ya taya shi, kalmomin suka ƙi fita daidai. Wani dillali ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ta rashin sanin abin yi. Hafsatu ta kai ƙarshen baitin da take kai, ta ce, "Iyakarta ke nan," ko da yake ko rabi ba ta yi ba. Aka tafa. Mai goge ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mahaifiyarsa na da faifanta. Kafin a yi addu'ar tashi dillalan sun fice.

Uwaisu ya shiga tattara takardun da ba a karɓa ba. Alhaji ya ce wa Hafsatu ta ɗauki ƙwaryarta ta koma da ita.

"Gobe Uwaisu ya kai a juya miki sunanki," in ji shi.

"A'a, Alhaji. An faɗa a gaban mutane cewa tata ce. Ko mutanen ba su da yawa, an faɗa. Zan ajiye mata. Ku gaya mata kayanta na Kwarin Gawo, duk ranar da ta samu sarari ta zo ta karɓa, in gan ta."

Ta kwana a gidan ƙanen Alhaji, cikin matan da ba su san ta ba, suka yi mata kirki irin wanda ake yi wa baƙuwar tsohuwa. Da safe Uwaisu ya raka ta tasha. Sun daɗe a tsaye kafin mota ta samu. Ya ce zai rubuta labarin zuwanta a fitowa ta gaba, a shafin farko. Ta ce ya rubuta har da sunayen Luba da Asiya da Fanta da Hure, don wancan karon an manta da su. Ya ce in sha Allah.

Hure na zaune a ƙofar gida lokacin da ta iso.

"Yaya yarinyar? Ta iya?"

"Ba ta zo ba."

"To wa ya yi waƙa?"

"Ni."

"Ke da wa?"

Hafsatu ta zauna kusa da ita, ta kwance mayafi. "Ni da Uwaisu."

Hure ta yi dariya har tari ya taso mata, Hafsatu na bubbuga mata baya. Daga nan suka zauna suna kallon masu jakai na wucewa.

Fitowa ta gaba ba ta fito ba. Balarabe direba ne ya kawo labari daga baya cewa Amon Ƙasa ta tsaya, Uwaisu ya samu koyarwa a wata firamare a Ungogo. Alhaji Khalilu ya rasu kafin kaka. Asama'u kuwa ba ta zo ba, ba ta aiko ba, kuma Hafsatu ba ta taɓa sanin ko saƙon ya kai gare ta ba. Takan ji ta a rediyon maƙwabta. Ta saurara da kyau, ta ce yarinyar tana da murya, sai dai tana saurin shan numfashi.

Gab da faɗuwar damina 'yar Hure ta zo daga Kazaure da mota, ta ce ba za ta bar mahaifiyarta da wannan tari ita kaɗai ba. Hure ta yi gardama, ba ta yi nasara ba. Aka ɗaure mata kaya, aka kama akuyarta aka sa a bayan mota. Ta riƙe hannun Hafsatu ta taga.

"Gonar bayan gida ki shuka ta. Kada ki bari ciyawa ta cinye."

"Zan shuka."

"In na ji sauƙi zan dawo."

"Allah ya ba ki lafiya."

Da ruwan shuka ya sauka, Hafsatu ta fita da sungumi da ƙwaryar iri. Gonakin Kwarin Gawo a manne suke da juna, ko'ina ka duba mutane ne bibbiyu, ɗaya na sara ɗaya na zuba iri yana rufewa da ƙafa. Ita sai ta sare layi har ƙarshe, ta ajiye sungumi, ta dawo farko ta bi da iri. Ta gama tata, ta tsallaka ta Hure. A ta Huren gero ta zuba, ta bar gefe guda don wake.